Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga 'Yan Majalisar Dokokin Jihar Katsina: Hannu Nawa Ke Shiga Buhu Ɗaya?

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Kakakin Majalisa da sauran wakilanmu masu girma, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ni ɗan kasuwar hatsi ne a cikin garin Katsina. Gero, dawa, masara da wake nake sarowa daga kasuwannin ƙauye, in sayar buhu-buhu, in kasuwa ta yi sanyi in koma awo tiya-tiya. Sana'ar gidanmu ce, ko da yake na ɗan riƙe alli a firamare kafin in dawo rumfar mahaifina. Na fara da wannan ne don ku san mai maganar, kada a ce wani ɗan siyasa ne ya ari bakina ya ci albasa.

A ƙasan akwatin kuɗina akwai wata baƙar leda da nake cusa rasiɗai a ciki. Kwanakin baya yarona ya zazzage ta yana neman wata takarda, sai na ce ya ware mini na lodi ɗaya kawai, mota guda ta masara da muka ɗauko daga kudancin jiha. Ya jera su a kan tabarma: na shiga kasuwa, na buhu, na lodi, na fita, na ƙungiya, na kayan gona, da wani guda da hatiminsa ya dushe har ba a gane mai shi. Bakwai cif. Waɗannan kuma masu takarda ke nan. Marasa takarda direba ya fi ni sanin yawansu, don shi ke sauke gilashi.

A wannan tafiyar ne, bayan isha'i, muka iske katako mai ƙusoshi a gicciye kan titi, da samari uku, ɗaya riƙe da tocila. Ya leƙo ya ce, "Alhaji, a sallami yara." Na ce masa na biya a baya, ga takarda. Ya haska ta, ya juya bayanta, ya miƙo mini, ya ce, "Wannan ta can ce, nan kuma wata ƙasar ce." Na tambaye shi sunan kuɗin da zan biya, ya dubi abokinsa, abokin ya dubi daji. Muka yi ta ja-in-ja har direba ya raɗa mini cewa dare na yi kuma hanyar nan ba ta kwana ba ce. Na biya. Ba zan ambaci wurin ba, don ba ƙarar kowa na kawo ba, kuma duk mai ɗaukar kaya a jihar nan yana da irin nasa wurin.

Ranku ya daɗe, kun san wa ya biya kuɗin nan a ƙarshe? Ba ni ba ne. Ni lissafi na yi na raba shi a kan buhuna. Wani kaso ya faɗa kan manomi, don tun a kasuwar ƙauye na rage tayi saboda na san abin da ke jirana a hanya. Sauran ya faɗa kan matar da ke aiko yarinya da magariba da kwano a auna mata rabin tiya. Ita ba ta taɓa ganin rasiɗi ba, amma duk bakwai ɗin a cikin tuwonta suke.

Ban zo in ce a daina biyan haraji ba. Wanda ke son titi da asibiti da ɗan sanda dole ya san ba daga sama suke faɗowa ba. Ra'ayina, wanda na san akwai 'yan kasuwa da yawa a kansa, shi ne haraji ya zama kaɗan, sananne, ta ƙofa ɗaya, sannan a sa wa gwamnati linzami wajen kashewa. Masu boko suna kiran wannan ra'ayin 'yancin kasuwa, wasu kuma da sun ji sai su ce jari-hujja ce ta Turawa. To ni ba a littafin Bature na fara karanta shi ba, a zauren malaminmu na fara ji, a babin zakka. Ku dubi yadda aka tsara ta. Tana da nisabi, wanda bai kai ba ba a taɓa shi. Adadinta sananne ne, a dukiyar kasuwanci ɗaya bisa arba'in. Lokacinta sananne, sai shekara ta zagayo. Waɗanda za a ba su kuma an lissafa su, kashi takwas, ba mai ƙara na tara. Ban ce haraji zakka ba ne, Allah Ya tsare ni da faɗin haka. Na dai ce mutanen da suka tashi da wannan tsari a kansu bai kamata a yi musu dogon turanci kafin su gane mene ne haraji na adalci ba. Ku ɗauki rasiɗaina bakwai ku auna su da wannan ma'auni, ku ga ko akwai wanda zai tsallake.

Kukan ma ba sabo ba ne a ƙasar nan. Cikin abubuwan da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki sarakunan zamaninsa da su akwai jangali da kuɗin gari da abin da ake ƙwata a hannun masu sayarwa a kasuwa. A 1979, lokacin Katsina tana cikin tsohuwar Jihar Kaduna, gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali, kamar yadda Abubakar Rimi ya yi a Kano. Dattawanmu har yau suna ba da labarin yadda magidanci kan gudu ya bar gida in lokacin haraji ya zo. An kori harajin ta ƙofa, shekara arba'in da wani abu, sai ga shi ya dawo ta taga da sunaye bakwai. Wancan ma dai sau ɗaya ake karɓa a shekara, kuma ka san mai unguwar da ya karɓa.

Na san za ku ce ai an yi gyara a Abuja. An yi. Ranar 26 ga Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokokin haraji guda huɗu da suka samo asali daga aikin kwamitin Taiwo Oyedele, manyan biyun kuma suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. Akwai abin yabawa a ciki, kuma zan yaba. Naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara ba haraji a kansa, wanda ga shi nan nisabi ne da wani suna. Harajin VAT ya tsaya a kashi 7.5 cikin ɗari, bayan da farko an so a ɗaga shi. Kason jihohi a cikinsa ya tashi daga kashi 50 zuwa 55. Amma ku tuna yadda muka yi muhawarar a Arewa. Tun daga taron gwamnoni a Kaduna a Oktoban 2024 har aka gama, rigimar duk a kan rabo take: nawa Legas za ta ɗauka, nawa za a bar mana. Wata da watanni ana faɗa a kan ƙwaryar nono, ba wanda ya leƙa garke ya ga ko saniyar tana iya tashi.

Dokar Abuja kuma ba za ta zo ta ɗage katakon nan daga titi ba. Tun 1998 aka yi dokar tarayya da ta hana kafa shinge a hanya don karɓar haraji, ga shi har yau muna taka birki. Kuɗin rumfa, kuɗin kara, tikitin ɗan acaɓa da mai kurkura, lasisin shago, duk na jiha ne da ƙananan hukumominmu 34, kuma dokarsu a zaurenku ake yin ta. Shi ya sa wasiƙar nan ta nufo ku.

Abin da nake roƙo a wannan ɓangaren ba shi da wuya. A tattara duk waɗannan kuɗaɗe a dunƙule su, wanda ba shi da dalili a soke shi. Mai kaya ya biya sau ɗaya a inda ya yi lodi, ta banki ko ta waya ko wurin mai POS, takardar nan ta kai shi ko'ina a jiha, daga Sabuwa har Ɓaure. Kada jami'i ya taɓa tsabar kuɗi da hannunsa. A rubuta adadin da manyan baƙi, da Hausa, har da ajami, a kafa a ƙofar kowace kasuwa. Mai ƙosai da mai fura da mai shayi da yarinya mai tallan gyaɗa a ɗauke musu gaba ɗaya, don abin da ake samu a kansu ko kuɗin buga tikitin ba lalle ya biya ba. Sannan ku yi hattara da bayar da karɓar haraji kwangila ga wanda za a biya shi kamasho, domin wanda abincinsa ya rataya a kan yawan abin da ya tatso ba zai taɓa cewa ya isa ba.

Za a ce mini kuɗin shiga zai ragu. Ban yarda ba. Masanin tarihin nan na Magrib, Ibn Khaldun, ya lura tun ƙarni na 14 cewa daula a farkonta takan sa haraji kaɗan ta tara da yawa, a ƙarshenta kuma ta sa da yawa ta tara kaɗan. Ba sai mun je Magrib ba, mu ma mun gani. In kuɗin kara ya yi nauyi, sai a yi cinikin sa a bayan gari ƙarƙashin bishiya, dillali ya karɓi la'adarsa, hukuma ta tashi a tutar babu. In shago mai rajista shi ake bi kullum, sai kowa ya ƙi rajista. Abin da ke zubewa tsakanin hannun mai karɓa da asusun gwamnati kuwa, ku kun fi ni sanin ba ƙarami ba ne.

Yanzu ga inda na fi so ku saurare ni, don nan ne magana ke ɗaci.

Akwai kalmar da ta yi mana illa a ƙasar Hausa, ita ce "kuɗin gwamnati". Da an faɗe ta sai kowa ya ji kamar ruwan kogi ne, mai guga ya ɗiba. Gwamnati ba ta noma, ba ta kiwo, ba ta dako. Duk sisin da ta kashe, ko dai ta karɓa a hannun wani, ko ta ranto wanda 'ya'yanmu za su biya, ko an buga sabo wanda ya rage darajar na aljihunmu. Wannan na ukun shi ne harajin da ba shi da rasiɗi ko kaɗan. Bashin da gwamnatin tarayya ta ci a Babban Banki ya kai naira tiriliyan 22.7 kafin Majalisar Tarayya ta mayar da shi bashi na dogon zango a 2023. A Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Malamin makarantar da aka ce mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 ya zo rumfata ya tsaya yana lissafi da yatsu, ya tafi da rabin abin da ya saba saya. Ba wanda ya tare shi da katako, amma an karɓa.

Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. Ni ina cikin waɗanda suka ce tallafin nan ba mai ɗorewa ba ne, kuma mu da ke kusa da iyaka mun san inda wani kaso na man yake bi da dare. Na sha zagi a majalisar unguwarmu a kan haka. Amma sharaɗin maganar shi ne talaka ya ɗaure ciki, gwamnati ma ta ɗaure. Talaka ya ɗaure nasa har ya kusa tsinkewa. Kason da jihohi ke karɓa daga Abuja ya ƙaru sosai tun daga lokacin. A 2023 ɗin nan kuma muka ji labarin manyan motocin da aka saya wa 'yan Majalisar Tarayya. Ku gaya mini da wane baki zan koma majalisar unguwa in kare matsayina.

Ba sai mun aro misali daga nesa ba. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya mulki jihar nan daga 1999 zuwa 2007, kuma ko waɗanda ba su yi siyasarsa ba sun san shi da tsantseni a kan dukiyar jama'a. Da ya zama shugaban ƙasa ya bayyana kadarorinsa a fili, kuma a 2007 ya sa hannu a dokar kula da kashe kuɗin gwamnati, wadda ta ƙayyade giɓin kasafin tarayya a kashi 3 cikin ɗari na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara, da kuma dokar bayar da kwangila. Ko an bi su ko ba a bi ba wata magana ce. Abin lura shi ne ɗan Katsina ne ya yarda cewa mai mulki yana bukatar dokar da za ta ɗaure hannunsa shi kansa, domin kyawun hali ba a gadonsa da kujera.

Irin wannan ɗaurin nake so ku ƙarfafa a nan gida, mai haƙora, wanda zai hau kan kowace gwamnati, ta yau da ta gobe, ko ta wace jam'iyya ce. A sa iyaka ga kason kasafi da zai tafi a hidimar ofis, tafiye-tafiye, taruka da motoci. A sa adadin masu ba da shawara da mataimaka a cikin doka, yadda ba za a wuce shi ba sai an dawo gabanku. Kada a ci bashi don biyan albashi ko shagali, sai don aikin da zai rayu fiye da bashin. In kason wata ya zo da rara, a ajiye wani abu, tunda farashin mai a duniya ba ya shawara da Katsina kafin ya faɗi, kuma kowa ya san yawancin abin da jihar nan ke kashewa daga Abuja yake zuwa. A tarayya, kwamitin Stephen Oronsaye ya ƙirga hukumomi 541 a 2012, ya ba da shawarar a rage waɗanda doka ta kafa daga 263 zuwa 161. Rahoton ya fi shekara goma yana shan ƙura. Ku yi namu ƙirgen a jiha, kuma duk ranar da aka kawo muku ƙudurin kafa sabuwar hukuma, ku tambaya wace tsohuwa za a rufe. Ku ma, ranku ya daɗe, kasafin majalisarku ya shiga cikin awon. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Wani abin kuma, gwamnati ta rage shiga kasuwa. Manyanmu suna tuna zamanin NITEL, lokacin da samun layin waya sai mai hanya. Da aka buɗe fagen ga 'yan kasuwa a 2001, yau mai tura baro ma yana da lamba. Ma'aikacin da aka ba shi ya sayar da taki ko shinkafa ba mugu ba ne, amma in an yi asara albashinsa na nan, ni kuwa in na yi asara gidana ne ba za a ɗora tukunya ba. Shi ya sa kayan rangwame sau da yawa ke ɓacewa a hanya su ɓullo a kasuwa da farashin kasuwa, wanda aka yi don shi kuma ya ji a rediyo. Har kujerar Makka zan taɓa, ko da za a ce na yi rashin ta-ido: a 2024 gwamnatin tarayya ta zuba naira biliyan 90 a tallafin aikin Hajji, alhali Hajji a kan mai iko aka wajabta shi. Matar rabin tiyar nan da kuɗinta a ciki.

To me ya rage wa gwamnati? Abin da ba mai iya yi sai ita, kuma na farkonsa tsaro. Manomi a yankunan Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara ko Faskari ya san wani haraji da ba a zaurenku aka yi dokarsa ba, wanda ɗan bindiga ke sa wa gari kafin a yi shuka da kuma kafin a yi girbi. Mutumin da ya biya wannan, da wace fuska za a tare shi a ƙofar kasuwa a ce kuɗin buhu? Rundunar tsaron al'umma da gwamnatin Malam Dikko Raɗɗa ta ƙaddamar a Oktoban 2023 irin wurin da ya dace kuɗinmu ya tafi ke nan, kuma duk naira da aka tsimi daga shagali a kai ta can, ni na yafe. Tarihin garin nan ma ya isa darasi. Katsina ta taɓa zama babbar tashar fataken Sahara. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya zo a 1851 ya iske yawancin cinikin ya koma Kano, saboda yaƙe-yaƙe sun hana hanya lafiya. Fatake ba sa rantsuwa da gari, inda kayansu zai kwana lafiya nan suke sauke shi. Mun sake ɗanɗana haka da aka rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023. Ku tambayi mutanen Jibiya da Mai'aduwa. Ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi ana yi, zai ratsa Daura da Katsina. In ya zo ya iske mu da rasiɗai bakwai, kayan za su wuce mu ne muna ɗaga musu hannu.

Ban manta da laifinmu ba. A cikinmu akwai mai ɓoye hatsi a sito yana jiran yunwa ta yi kuɗi, akwai mai bugun gindin tiya, akwai mai jiƙa masara ta yi nauyi, akwai attajirin da bai taɓa biyan sisi ba don ya san wanda zai kira. Da farashi ya tashi a Madina aka roƙi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙayyade shi, bai yi ba, ya ce Allah ne Mai sanya farashi. Amma addinin nan dai shi ya haramta ɓoye abinci da tauye mudu. Don haka kasuwa tana bukatar alƙali da mai duba ma'auni, kuma wannan aikin hukuma ne. Ku kama mai algus, ku sa babban attajiri ya biya nasa daidai da doka. Ba za ku ji bakina ba. In an sauƙaƙa harajin, an rage ƙofofinsa, mai gudu ma ba shi da sauran hujja.

Abu na ƙarshe, duk wata uku a liƙa a ƙofar kasuwa abin da aka tara a cikinta da abin da aka yi da shi. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi nasu ne, ya kamata mai rumfa ya iya tsayawa gaban allo ya ga ko kuɗinsa ne ya zama kwalbatin nan, ko kuwa har yanzu ruwan damina ne zai ci gaba da shiga masa ƙarƙashin buhuna.

In za ku zauna a kan dokar kuɗin shiga ko kasafin baɗi, ku kira zaman jin ra'ayin jama'a na gaske, ku sanar a rediyo da Hausa tun da sauran mako biyu, ku gayyaci direbobi da 'yan dako da mahauta da mata masu sana'a a gida, ba shugabannin ƙungiyoyi kaɗai ba. Don Allah kada a sa shi ranar Lahadi, da yawanmu muna Mai'aduwa. Ni zan zo, kuma zan taho da baƙar ledar.

Wassalam.

Naku,
Wani ɗan kasuwar hatsi,
Katsina.